Hutun Ma'aurata a Otal na Manya Zalla a Karebiyan: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duka a kan abu guda suka zo, wato otal-otal ɗin bakin teku na tsibiran Karebiyan waɗanda ba sa karɓar yara, irin waɗanda ake tallar su da hoton mata da miji suna tafe a kan farin yashi. Na zaɓi biyar, na gajarta su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester. Shekararmu goma da aure, yaranmu uku, kuma tun da aka ɗaura ba mu taɓa fita mu biyu kaɗai ba. Maigida ya ga tallar wani otal a Jamaika, wai na manya zalla, kuɗi ɗaya ake biya a ci a sha a kwana. Ya ce in zaɓa mana. Ni kuma wannan "manya zalla" ɗin ce ta tsaya min a rai. Ina sa hijabi, ba ma shan giya, ba kowane nama muke ci ba. Wurin irinmu ne, ko kuwa za mu kashe kuɗi mu je mu takura?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya saka wa maigida da alheri da ya yi wannan tunani. Shekara goma ana fama da aikin dare da kai yara makaranta, kun cancanci mako guda da ba wanda zai buga muku ƙofa da asuba yana neman shayi.

"Manya zalla" magana ce ta shekaru kawai. A yawancin wuraren ana nufin ɗan shekara 18 zuwa sama, wasu kuma daga 16 suke karɓa. Ba ta gaya miki irin manyan da za ki tarar, kuma a nan mutane suke tafka kuskure, domin a ƙarƙashin wannan suna ɗaya akwai wurare da ba su da haɗi da juna ko kaɗan. Akwai na ma'aurata masu neman shiru, kamar Sandals, wanda Gordon Stewart ya fara a Montego Bay ta Jamaika a 1981, yanzu kuma yana da rassa a Jamaika, Sent Lusiya, Antigwa, Barbados, Girenada, Bahamas da Kurasawo. Akwai na samari da 'yammata masu kiɗa a bakin wurin ninkaya tun daga hantsi har tsakar dare. Sannan akwai waɗanda tsiraici yana cikin abin da suke sayarwa. Hedonism II da ke Negril a Jamaika kan gaba yake a wannan, ki sa shi a jerin wuraren da ba naku ba. Har kamfanin Couples, wanda otal-otal ɗinsa a Jamaika na natsuwa ne, ya ware wa masu tuɓewa wani ɓangare a wasu rassansa. A reshensu na Tower Isle ɗan tsibiri ne da ake kai mutum a kwalekwale, wanda bai nema ba ba zai gani ba. Duk da haka gara ki sani tun kina gida. Idan kin ga an rubuta au naturel ko clothing optional a bayanin otal, to wannan ake nufi.

Tunda maigida ya bar miki zaɓi, ki leƙa Barbados ma. A can doka ta hana tsiraici a bakin teku, har da mace ta bar ƙirjinta a buɗe. Kayan wanka dai za ki gan su ko'ina, kada in yi miki ƙarya, haka mutanen suke zama a bakin ruwa, kuma ku biyun sai kun yi ta kawar da kai. Amma akwai iyakar da ba a ƙetarewa.

Yanzu maganar kuɗi. Tsarin nan na biya sau ɗaya a ci a sha, an gina lissafinsa ne a kan cewa baƙo zai wuni yana shan barasa. Wanda ba ya sha, yana taya masu sha biya ne. Wannan bai sa tsarin ya zama asara gare ku kai tsaye ba, saboda abinci a tsibiran nan da tsada, kaya da yawa daga waje ake shigo da su, kuma cin abinci sau uku a gidajen abinci na mako guda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma ki zauna da biro da takarda. Ki ɗauki farashin wancan, ki kwatanta da na ƙaramin otal na manya mai ba da karin kumallo da abincin dare kawai. Sau da yawa rarar da za ta fito ta isa ta sayo muku abin da ni nake ganin shi ne ainihin abin da kuke buƙata, wato ɗaki mai sirri.

A kan ɗakin nake so ki fi tsayawa, fiye da sunan kamfani. Mace mai hijabi da ta je otal mai katafaren wurin ninkaya guda ɗaya na kowa da kowa, ƙarshenta a kan kujera za ta zauna tana kallon ruwa. Ki nemi ɗaki mai nasa ɗan wurin ninkaya a cikin katanga ko a bayan shinge. Kuma ki kula da wani tarko: ɗakin da suke kira swim-up, wanda ake sauka cikin ruwa daga baranda, ba naki ba ne ke kaɗai. Doguwar korama ce da ta bi ta gaban ɗakuna da yawa, maƙwabta suna iyo su wuce ta gabanki, na bene kuma suna hango ki. A hoto kamar keɓaɓɓe, a zahiri kuwa tsakar gidan haya ne. Ki rubuta wa otal ɗin, ki tambaya a fili ko ana iya ganin wurin daga hanya ko daga wani ɗaki, ki ce su turo hoton da aka ɗauka da waya. Wuraren da suka fi iya wannan su ne na jikin duwatsu a Sent Lusiya, kusa da Soufrière, irin su Ladera da Jade Mountain. Ɗakunansu bango uku gare su, na huɗun a buɗe yake yana fuskantar duwatsun Piton guda biyu da teku, ba mai ganinki sai tsuntsaye. Suna da tsada ƙwarai, kuma wanda ba ya jure sauro ko rashin na'urar sanyaya ɗaki ya yi tunani sau biyu. Amma kwana huɗu a irin wannan ɗaki ya fi miki kwana bakwai a inda ba za ki iya cire ɗankwali ba.

Shiga teku kuwa, kayan ninkaya masu rufe jiki duka suna nan a shagunan Ingila, ki sayi naki kafin ki tafi. Ki tambayi otal a rubuce ko suna barin shiga wurin ninkaya da su, ki ajiye amsar a waya. Da sassafe, daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe takwas, bakin teku kusan naku ne ku kaɗai, domin masu shan dare ba su tashi ba.

Abinci shi ne inda za ki sa ido sosai. Kifi da sauran kayan teku suna da yawa, da shinkafa da wake, da ayabar suya, da 'ya'yan itace, ba za ku kwana da yunwa ba. Matsalar ita ce alade da giyar rake, wato ram, suna shiga inda ba a zata ba. Gasasshiyar kazar Jamaika mai yajin attaruhu, wadda suke kira jak, galibi a kan wuta ɗaya ake gasa ta da alade. Akii da busasshen kifi mai gishiri, abincin da ƙasar take alfahari da shi, wasu masu girki suna soya shi da yankan alade. Miyar ganyen kalalu ma haka. A Jamhuriyar Dominikan, mofongo, dakakkiyar ayaba ce da ake kirɓawa da soyayyar fatar alade. Kek ɗinsu mai baƙi a jiƙe yake da ram. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zoɓo. Suna da shi, suna kiransa sorel, ganyen nan ne dai namu da citta da kanumfari. Ni da kaina an taɓa miƙo min kofi a wani otal, na yi murna na ga abin gida, sai da ya zo bakin hancina na ji warin barasa. A wajensu zuba masa ram al'ada ce, musamman lokacin Kirsimeti, mai miƙo min bai ga abin faɗa ba. Tun daga ranar ba na karɓar kofin maraba sai na tambaya. Ki gaya wa otal tun kafin ku iso cewa ba alade, ba barasa ko a girki, kuma a kwashe kwalaben da ke cikin firjin ɗaki. Ranar da kuka isa ki nemi ganin shugaban masu girki. Suna da sabon hulɗa da masu larurar abinci, ba sa ɗaukar wannan a matsayin fitina. Naman yanka na halal kuwa kada ki sa rai sai an tabbatar miki a rubuce, ki shirya zama mai cin kifi na mako guda.

Ki tafi da sallaya. Alƙibla daga can gabas take, ta karkata arewa, don haka a Negril ko yammacin Barbados, inda teku yake yamma, baya za ku ba ruwa idan za ku yi salla. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar da rabi zuwa bakwai duk shekara kamar a gida, za ki huta da lokutan sallar Manchester masu tafiya da dawowa. Idan Barbados kuka je, maigida zai samu Juma'a a Bridgetown, akwai tsohuwar al'ummar Musulmi da kakanninsu suka zo daga Indiya.

Ku je, ƙanwata. Amma ki sayi ɗaki, kada ki sayi talla.

Tambaya: Anti, ni ango ne, bikina saura wata huɗu, a Abuja nake aiki. Wani ejan ya ce in ba shi kafin alƙalami yanzu ya kama mana ɗaki a Montego Bay kafin rangwame ya ƙare. Fasfon Najeriya gare mu, ni da amarya, kuma ba mu da bizar ko'ina. In biya?

Amsa: Ango ka sha ƙamshi, amma kada ka biya tukuna. Ba a cinikin biri a sama. Rangwamen waɗannan otal-otal ba ya ƙarewa, wannan na rufewa wani yake buɗewa, agogon da ke ƙirga sa'o'i a shafinsu dabarar kasuwa ce. Abin da zai iya hana ku tafiya ba ɗaki ba ne, hanya ce.

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Jamaika. 'Yan'uwanmu na Ghana sun huta da wannan, domin babu biza tsakanin ƙasashen biyu. Barbados kuwa ta daɗe tana karɓar 'yan Najeriya ba tare da biza ba, shi ya sa nake cewa ka fara dubawa ta can. Jamhuriyar Dominikan tana barin wanda ke riƙe da bizar Amurka, Kanada, Birtaniya ko ta Shengen (ƙasashen Turai masu biza ɗaya) mai rai ya shiga yawon buɗe ido, amma ku ba ku da ko ɗaya.

Sai dai ko tsibirin ya buɗe maka ƙofa, ta ina za ka bi? Yawancin matafiya daga nan ta Landan suke bi, ko Amsterdam, ko Faris, ko Amurka, kuma kowace tana da nata sharaɗi. Amurka ba ta san wani abu wai shi fasinja mai wucewa ba, duk wanda jirginsa ya sauka sai ya bi ta jami'an shige da fice, don haka sai da biza. Birtaniya tana neman bizar yada zango daga ɗan Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana da irin bizar Amurka ko Kanada da ke ɗauke masa. Ƙasashen Shengen ma sun sa Najeriya da Ghana a jerin masu buƙatar bizar wucewa ta filin jirgi. Ga kuma wani abu da ejan da yawa ba sa faɗa: jirginka zai iya sauka a Heathrow, na Karebiyan ɗin kuma ya tashi daga Gatwick, duka biyun a Landan. Canza filin jirgi shiga ƙasa ne, bizarsa daban take da ta wanda zai zauna a cikin fili ɗaya. Na san ma'auratan da aka mayar daga kantar awon kaya a kan wannan, bayan sun biya otal duka.

Tafiyar ma doguwa ce. Sa'a shida da wani abu zuwa Landan, sai jira, sai kusan sa'a tara zuwa Barbados, kuma agogonsu yana bayan namu da sa'a biyar. Amaryar da ta fito daga kamu da ɗaurin aure da dina da buɗar kai, ka ɗora mata wannan washegari, kwana biyun farko barci za ta yi. Ka bar mako biyu ko uku tsakanin biki da tafiya.

Saboda haka ka fara da biza, sannan tikiti, sannan otal, kuma ka zaɓi farashin da ake mayar da kuɗi idan an fasa, ko da ya ɗan fi tsada. Ƙa'idojin biza suna sauyawa, ka tabbatar da su a shafin ofishin jakadancin kowace ƙasa a makon da za ka biya, kada ka tsaya ga bakin ejan. Ku tafi da katin rigakafin zazzaɓin shawara, tsibirai da yawa suna tambayar wanda ya fito daga Najeriya. A sa sunan amarya a tikiti da otal daidai yadda yake a fasfonta, ba da sunanka a ƙarshe ba. Kuma kada ku sa tufa ko jaka ko hula mai dabbare-dabbaren kayan soja. A Barbados, Jamaika, Antigwa, Girenada da Sent Lusiya laifi ne farar hula ya sa, ana ƙwacewa tun daga filin jirgi.

Idan lokaci ya ƙure bizar wucewa ba ta fito ba, ku ci amarcinku a Zanzibar ko Maldibs, inda hanya ta fi sauƙi kuma abincin halal ba abin nema ba ne, ku ajiye Karebiyan sai cikar shekara.

Tambaya: Hajiya, a Toronto muke. Na ga farashin Satumba ya faɗi sosai idan aka kwatanta da na Fabrairu, otal ɗaya, ɗaki ɗaya. Me ya sa? Akwai wani abu a ƙasa ne?

Amsa: Akwai, Alhaji, abu biyu ma. Na farko mahaukaciyar guguwa. Lokacinta a Tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi ƙarfi daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Satumba ita ce tsakiyar tsakiya. Ba kowace shekara take faɗa wa kowane tsibiri ba, mutane da yawa suna zuwa su dawo ba su ga komai ba sai ruwan sama na la'asar. Amma idan ta zo ba ta da wasa. Irma ta rugurguza tsibirin Barbuda a Satumbar 2017. Beryl ta daki tsibiran Carriacou da Union a farkon Yulin 2024, tun ma kafin lokacin da aka saba. Melissa ta sauka a yammacin Jamaika a ƙarshen Oktoban 2025 da ƙarfi na mataki na biyar, wanda babu sama da shi, otal-otal da dama suka rufe don gyara. Ko guguwar ba ta taɓa tsibirinka ba, tana iya soke jirage ta bar ka kana biyan ƙarin kwana.

Idan Satumba ce kaɗai hutunka, ka gangara kudu. Aruba, Bonaire da Kurasawo suna daf da gaɓar Benezuwela, a wajen hanyar da guguwa ta fi bi, ƙasarsu ma busasshiya ce mai ƙayoyi da iska. Ka sayi inshorar tafiya a ranar da ka biya kuɗin farko, domin da zarar an raɗa wa guguwa suna, inshorar da aka saya bayan nan ba ta biyan ɓarnarta. Ka kuma karanta abin da otal ya yi alkawari idan guguwa ta zo: kuɗi zai mayar, ko kwana zai ba ka a wani lokaci?

Na biyu ciyawar teku ce mai ruwan ƙasa da ake kira sargasam. Tun 2011 ta fara yawa fiye da ƙima, ta yi wani dogon layi a kan teku daga gaɓar Afirka ta Yamma har zuwa Tekun Meksiko, masunta a Ghana da Saliyo ma suna kuka da ita. Daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen damina iska tana turo ta bakin gaɓa, ta taru tsibi-tsibi, idan ta ruɓe kuma warinta kamar na baragurbi. Otal suna kwashewa da tarakta kowace safiya, amma a mummunan mako ba sa iya cin ƙarfinta. Tunda daga gabas take zuwa, gaɓar da ke fuskantar gabas ce ke shan wahala: Punta Kana ta Jamhuriyar Dominikan, gabas da kudu maso gabashin Barbados, gabashin Antigwa. Wadda ke fuskantar yamma, kamar Negril ko yammacin Barbados da Sent Lusiya, galibi tana tsira, kuma ruwanta ya fi kwanciya ga wanda bai iya iyo sosai ba. Ka buɗe taswira ka ga ina otal ɗin ya juya fuska, sannan ka nemi hotunan da baƙi suka ɗora a irin watan da kake son zuwa.

Lokacin tsada daga tsakiyar Disamba ne zuwa tsakiyar Afrilu, sa'ad da mutanen irin garinku suke gudun ƙanƙara. Ni da zan zaɓa maka, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ko makonni biyun farko na Disamba. Farashi ya sauka ko bai hau ba tukuna, guguwa kuma ba ta kusa.

Tambaya: Matana biyu, kuma ina son in yi adalci. Zan iya tafiya da su tare irin wannan otal?

Amsa: Malam, Allah ya taya ka riƙo. Wuraren da suka ce na ma'aurata ne, komai nasu a kan mutum biyu aka tsara shi: gado ɗaya, tebur mai kujera biyu, ɗaki ba ya ɗaukar na uku. Otal na manya wanda bai ce na ma'aurata kawai ba zai sayar maka da ɗaki biyu, amma ɗakin da mutum ɗaya ya kwana ana cajinsa ƙari, kuma wadda ba ranar girkinta ba za ta yi daren ita kaɗai a baƙuwar ƙasa, kewaye da mutane bibbiyu. Ban ga hutu a nan ba. Shawarata ka raba tafiyar gida biyu, kwana daidai, darajar ɗaki daidai, kuma ka gaya musu tsarin a gaban juna tun kafin a sayi tikitin farko. Wadda za ta fara, a yi ƙuri'a kamar yadda sunna ta koyar game da tafiya. Idan aljihu ba zai ɗauki biyu ba, ka nemi wuri mafi kusa da zai ɗauka. Idan kuma su da kansu sun fi son tafiya tare, gidan haya na bakin teku mai ɗakuna da kicin ya fi dacewa da ku.

Tambaya: Anti, na ga an rubuta dala 350 a dare, komai a ciki. Da gaske komai ne? Sannan ina da jaririya 'yar wata bakwai tana shan nono, ko za su yi min uzuri tunda ba ta tafiya?

Amsa: 'Yata, bari in fara da jaririyar don kada ki sa rai. Ba za su yi ba. Sauran baƙin sun biya kuɗi ne don kada su ji kukan yaro, otal ɗin ba zai karya wannan don kowa ba, kuma suna iya mayar da ku daga teburin karɓar baƙi. Ko ki jira yaye, ko ku je na iyali. Masu Sandals suna da wani mai suna Beaches don masu yara, da masu reno a ciki. Idan kuma akwai ƙaramin ciki ko ana neman sa, ki ga likita kafin a biya, saboda sauron yankin yana ɗauke da zazzaɓin dengi, kuma cutar Zika ta bazu a can a 2016.

Dala 350 ɗin kuwa, ki duba ƙananan rubutun da ke ƙasa. Kusan kullum na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗakin. Ke nan 700 a dare, kwana bakwai 4,900, kuma wannan ɗaki mafi araha ne, mai kallon lambu ko wurin ajiye motoci. Jirgi ba ya ciki sai an faɗa. Tausa da gyaran jiki ba sa ciki. Fita yawo, kamar hawan magangarar ruwa ta Dunn's River a Ocho Rios ta Jamaika ko shiga kogon Harrison a Barbados, kuɗi ne daban. Haka cin abincin dare ku biyu a kan yashi da kyandir, da hotunan mai ɗaukar hoto na otal, da likita idan an kira shi.

Sauran sun danganta da kamfani, sai kin tambaya ɗaya bayan ɗaya. Sandals yana ɗauko baƙi daga filin jirgi kyauta, kuma ya hana ma'aikatansa karɓar tukwici, ban da hadimin ɗaki da masu tausa. A Punta Kana tukwici abin da aka saba ne, sai ki tanadi 'yan dala ɗaiɗai da biyar-biyar. Motar filin jirgi kada ki raina ta: a Sent Lusiya babban filin yana Vieux Fort can kudu, otal da yawa kuma suna arewa, tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi a hanya mai kwana-kwana, mai amai a mota ya sha magani. Wasu gidajen abincin cikin otal sai an kama wuri tun da wuri, kuma da dare suna neman maza su sa dogon wando da rufaffen takalmi. Kaftani da hula sun wadatar, doguwar rigarki ma haka.

A wasu otal-otal, musamman na Jamhuriyar Dominikan, washegarin isowa wani mai fara'a zai gayyace ku karin kumallo na musamman da alkawarin kyauta. Tallar shiga ƙungiyar hutu ce, za su riƙe ku sa'o'i suna matsa muku ku sa hannu a kwangilar shekaru. Ki ce a'a tun a tsaye, kada ki zauna.

Ki ware ɗan kuɗi na fita daga katanga ko sau ɗaya. Dalar Barbados biyu ce a dalar Amurka ɗaya, lissafin ba wuya. Ranar Juma'a da dare a Oistins ta Barbados ana gasa kifi a fili, mutanen gari da baƙi a kan benci ɗaya, akwai kiɗa da masu sha, don haka ku je da wuri bayan magariba ku ci ku taso. Ki kuma nemi tuwonsu da suke kira ku-ku da kifi mai tashi, abincin ƙasar. Garin masara ne aka tuƙa da kuɓewa a ciki, loma ɗaya za ki gane daga inda kakanninsu suka taho da shi. A bakin teku kuma idan kin ga bishiya an shafa mata jan fenti, mancinil ce. Kada ki taɓa 'ya'yanta masu kama da ƙaramin tuffa, kada ki fake a ƙarƙashinta idan ana ruwa, ruwan da ya ɗigo daga ganyenta yana ƙona fata.